Yadda Ake Tsara Dabarar Tallata Kasuwanci, Daga Farko Har a Kai ga Shafi Ɗaya

Yawancin masu sana'ar da suke zuwa wurina da kukan rashin ciniki magana ɗaya suke fara yi: "Talla nake so a yi mini." Nakan tambaye su, wa za a yi wa tallar, kuma me za a ce masa? A nan ake yin shiru. Talla ita ce ƙarshen aiki, kamar fenti a jikin gini. Dabara kuwa ita ce zaɓin da ake yi tun farko: wa za ka yi wa hidima, wa za ka haƙura da shi, da me za ka fi sauran, kuma ta yaya za ka gane ko abin yana tafiya. Na zauna da masu ƙananan sana'o'i da dama muna wannan aiki, kuma hanyar da na fi amincewa da ita ke nan. Tana ɗaukar kamar mako biyu, kuma abin da za ka fito da shi shafi ɗaya ne tak.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin cinikinka na wata uku zuwa shida, wanda ke nuna abin da aka saya, ranar da aka saya, da wanda ya saya idan da hali. In ba ka taɓa rubutawa ba, ka fara yau, ka rubuta na mako biyu kafin ka ci gaba. Saƙonnin da ke cikin wayarka da rasit ɗin da ka ajiye su ma za su cike gurbi.

Lissafin abin da kowane kaya ko aiki yake ci maka kafin ya isa hannun mai saye, har da kuɗin sufuri, wuta, haya da ladan ma'aikata. Ka sa ladan kanka a ciki, domin mutane da yawa suna mantawa da shi sai su ɗauka riba suke ci.

Jerin mutum goma zuwa goma sha biyar daga cikin masu sayenka da za ka iya magana da su, tare da uku ko huɗu da suka daina zuwa.

Littafi da biro, ko takardar lissafi ta Excel ko Google Sheets ga mai kwamfuta. Duk wanda ka samu ya isa.

Sai mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka, wanda zai karanta abin da ka rubuta ya faɗa maka gaskiya.

Mataki na 1: Bari littafin ciniki ya fara magana

Ka fitar da amsar tambayoyi uku. Wane kaya ne ya fi kawo riba? Ka lura, riba na ce, domin abin da ya fi fita ba lallai ne ya fi kawo riba ba. Su wane ne suke dawowa? Kuma ta wace hanya sababbi suke zuwa? Sau da yawa za ka tarar mutane kaɗan ne ke kawo mafi yawan ribarka. Ka ja layi a ƙarƙashin sunayensu, da su za mu yi aiki.

Wanda bai fara sana'ar ba tukuna ba shi da littafi. Shi sai ya je inda ake sayar da irin kayansa ya zauna ya lura na kwana uku: su wa ke zuwa, me suke tambaya, a kan me suke fasa saye.

Mataki na 2: Yi magana da masu saye, baki da baki

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi komai amfani. Ka kira mutanen da ke jerinka, ko ka same su, ka nemi minti goma. Kada ka tambaye su ko suna son kayanka, don kunya za ta sa su ce suna so. Kada kuma ka tambaye su ko za su sayi abu kaza in ka kawo shi, domin alkawarin baki ba ya cin kuɗi. Ka tambayi abin da ya riga ya faru. Yaushe ne karo na ƙarshe da ka sayi irin wannan? Me ya faru a ranar har ka ga dole ka saya? Ina kake saye kafin ka zo wurina, kuma me ya sa ka bar can? Me ka kusa fasawa a kai? Ta yaya ka ji labarina?

Ka rubuta kalmominsu yadda suka fito daga bakinsu, kada ka gyara. Da su za ka rubuta tallarka nan gaba, kuma sun fi duk abin da za ka ƙirƙira armashi.

Akwai wani mai wanki da guga da na yi wannan aiki da shi. Shi a ransa tsabtar wankinsa ce ke kawo masa mutane, kuma a kanta yake ta yin talla. Da muka yi magana da masu kawo masa kaya, kusan babu wanda ya ambaci tsabta, saboda suna ganin wannan dole ce ga kowane mai wanki. Abin da suka yi ta nanatawa shi ne, in ya ce gobe da yamma, to gobe da yamma ɗin ne. Cika alkawarin lokaci shi ne hajarsa ta gaskiya, shi kuwa bai sani ba.

Waɗanda suka daina zuwa sun fi wuyar kira, na sani, zuciya ba ta so. Ka daure. Ka ce musu ba ciniki ka zo nema ba, gyara kake son yi. Kada ka kare kanka ko da sun faɗi abin da ba daidai ba ne, ka rubuta kawai ka yi godiya.

Hattara da tambaya mai kyau a kan abin da ba shi ne matsalar ba. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan gwajin ɗanɗano da aka yi da mutane kusan 200,000, inda sabon ya yi rinjaye. Da ya shiga kasuwa sai jama'a suka yi caa, kuma bayan kwana 79 kamfanin ya dawo da tsohon. An auna harshen mutane, an raina shaƙuwarsu da abin da suka saba. Idan mai irin wannan ƙarfi zai yi wannan kuskure, kai ma ka riƙa tambayar kanka ko abin da kake aunawa shi ne abin da ke sa a saya.

In masu sayenka suna nesa, ka tura musu tambayoyin ta saƙon murya ko ta Google Forms, wato fom ɗin tambayoyi na intanet. Amma murya ta fi, domin a cikin jinkiri da sauyin murya ake jin abin da mutum bai rubuta ba.

Mataki na 3: Raba kasuwa, ka zaɓi rukuni ɗaya

Tun 1956 wani masani mai suna Wendell Smith ya yi bayanin cewa kasuwa tarin ƙananan kasuwanni ce masu buƙatu daban-daban. Ka raba masu sayenka gida uku ko huɗu. Shekaru da jinsi suna da amfani, amma rabon da ya fi aiki shi ne na dalilin saye. Mai wankin nan ya samu ma'aikatan ofis da ba su da lokaci, da iyalai masu kawo kaya da yawa suna neman ragi, da masaukan baƙi masu kawo zannuwan gado kullum amma sai ƙarshen wata su biya, da masu zuwa sau ɗaya in wani taro ya taso.

Kowane rukuni ka auna shi da abu huɗu: yawansu ya isa ya riƙe sana'ar? Suna da halin biya, kuma a kan lokaci? Ka san inda za ka same su? Kana da abin da ya fi na wasu a wurinsu? Ka ba kowane maki daga 1 zuwa 5, ka tara. Makin ba hukunci ba ne, yana dai tilasta maka yin tunani a fili.

Daga nan ka zaɓi ɗaya. A nan ne ake gardama da ni kullum. Mai sana'a zai ce kayansa na kowa ne, in ya zaɓi wasu zai yi asarar sauran. Ba korar kowa za ka yi ba; duk wanda ya zo da kuɗinsa ka sayar masa. Abin da ake nufi shi ne kuɗin tallarka, da kalamanka, da gyaran da za ka yi wa kayan, duk su fuskanci mutum iri ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, balle ga mai ƙaramin jari. Saƙon da aka rubuta don kowa, babu wanda yake jin da shi ake. Mai wankin ya zaɓi ma'aikatan ofis, ya rage bin masaukan baƙi duk da yawan kayansu, saboda bashinsu yana riƙe masa jari.

Ka rubuta siffar wanda ka zaɓa cikin layi uku: aikinsa, abin da ke damunsa, da lokacin da buƙatar ke taso masa.

Mataki na 4: San wanda kake gogayya da shi

Ka zaɓi uku daga cikin masu irin sana'arka, ka sayi kayansu da kuɗinka, ka ga yadda suke tarbar mutum, tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su amsa saƙo, da abin da masu sayensu ke ƙorafi a kai. Idan suna talla a Facebook ko Instagram, kamfanin Meta, wanda ya mallake su, yana da rumbun tallace-tallace a buɗe ga kowa, inda za ka rubuta sunan shafi ka ga tallan da yake yi a halin yanzu.

Kada ka tsaya ga masu irin shagonka kawai. A 1960 Theodore Levitt na jami'ar Harvard ya yi nuni da cewa kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka sun ja baya ne saboda sun ɗauki kansu masu harkar jirgin ƙasa, alhali harkar sufuri suke ciki, sai motoci da jiragen sama suka kwashe musu fasinja da kaya. Babban abokin gogayyar mai wanki shi ne injin wankin da ke cikin gida, da kuma mutumin da ya ce bari ya wanke da kansa ranar hutu.

Mataki na 5: Rubuta alkawarinka a jimla ɗaya

Jimlar ta ƙunshi wanda kake yi wa, abin da zai samu, da hujjar da za ta sa ya yarda. Ta mai wankin ta zama haka: "Ma'aikacin da ba shi da lokaci, za mu karɓi kayanka a ofis mu dawo da su cikin awa 24, in mun makara wankin kyauta ne."

Ka gwada jimlarka da wannan ma'auni: in ka cire sunanka ka sa na maƙwabcinka, za ta zauna daidai? In za ta zauna, ba ka ce komai ba tukuna. "Kaya masu inganci a farashi mai rahusa" kowa yana faɗa, shi ya sa kunne ya daina ji. Hujja kuma ita ce ƙashin bayan alkawari. An san motocin Volvo da kare lafiyar fasinja, kuma akwai aiki a bayan sunan: injiniyansu Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro bel ɗin kujera mai maɗauri uku a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi. Kai hujjarka tana iya zama garanti, ko shaidar wanda ya saya, ko barin mutum ya gwada kafin ya biya.

Abin da ba za ka iya cikawa kullum ba, kada ka sa shi a jimlar. Alkawarin da aka karya ya fi rashin alkawari ɓarna.

Mataki na 6: Daidaita abubuwa huɗu da alkawarin

Wani masanin kasuwanci mai suna Jerome McCarthy ne ya tattara su a 1960, kuma har yau da su ake koyarwa: haja, farashi, wurin samu, da talla. Aikinka shi ne ka tabbata kowannensu yana faɗin abin da jimlarka ta faɗa.

Haja: me za a ƙara, me za a cire? Cirewa ta fi wuya, amma kayan da ba ya fita kuma ba ya yi wa rukunin da ka zaɓa amfani jari ne a kwance.

Wurin samu: ka ƙirga matakan da mutum yake bi daga jin labarinka zuwa biyan kuɗi. Duk matakin da za a iya cirewa, a cire.

Farashi ne nake so mu daɗe a kai, domin a nan ƙananan sana'o'i suke yi wa kansu illa. Farashi yana da ƙasa da sama. Ƙasansa shi ne abin da kayan ya ci maka, samansa kuma darajar da mai saye yake gani. Farashin abokan gogayya yana nuna maka inda kake tsakanin biyun. Karya farashi shi ne dabarar da ta fi saurin zuwa rai, kuma ita ce wadda kowa zai iya kwaikwaya kafin gari ya waye. Duba wannan lissafi da kowane irin kuɗi kake amfani da shi. Kaya ya ci maka 70, kana sayarwa 100, ribarka 30. Ka yi ragin kashi 10 cikin ɗari, ka koma sayarwa 90. Ribar ta koma 20, wato kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kafin ka samu abin da kake samu a da, sai cinikinka ya ƙaru da rabi: inda kake sayar da kaya guda 100, yanzu sai ka sayar da guda 150. Ka yi wannan lissafi a takarda duk lokacin da zuciyarka ta raya maka yin rangwame. In dole ne ka jawo mutane, ƙara musu wani abu mai sauƙin kuɗi a wurinka amma mai daraja a wurinsu, kamar kai kaya har ƙofa, ya fi rage farashi. In kuwa ka yi ragin, ka sa masa dalili da ranar ƙarewa, don kada mutane su koyi jiran ragi.

Masu sayar da aiki, kamar gyara, koyarwa ko sufuri, su ƙara duba mutanen da ke tarbar masu saye. A irin wannan sana'a ma'aikacin da ke amsa waya shi ne rabin hajar.

Mataki na 7: Sa buri mai lamba da rana, ka ware kuɗi

"Ina so ciniki ya ƙaru" fata ne. Buri shi ne: sababbin masu saye 30 daga rukunin da na zaɓa cikin kwana 90, kuma rabinsu su dawo karo na biyu. Buri ɗaya ko biyu sun isa.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka ka ware kuɗi, amma wanda in ya tafi bai dawo ba sana'ar ba za ta durƙushe ba. Kada ka ci bashi don tallar da ba ka gwada ba. Iyakar abin da za ka iya kashewa don samun mutum ɗaya tana fitowa ne daga ribar da yake kawowa tsawon zamansa da kai. In kowane zuwa yana bar maka ribar 200 kuma yakan zo sau shida, darajarsa 1,200 ce. Kashe 300 don samunsa ciniki ne mai kyau, kashe 1,500 kuwa asara ce ko da shago ya cika. Wanda ba shi da kuɗi ko kaɗan sai ya ware lokaci, awa ɗaya kullum, ya rubuta ta a matsayin kasafinsa.

Mataki na 8: Zaɓi hanya biyu, ka gwada da kaɗan

Sai yanzu muka iso talla. Amsar inda za ka yi ta tana cikin hirar da ka yi a mataki na 2, inda suka faɗa maka yadda suka ji labarinka. Ka ɗauki hanya biyu kawai, ka riƙe su da kyau. Buɗe shafi a kowane dandali sannan a bar su kufai yana sa mai saye ya yi zaton sana'ar ta mutu.

Hanyoyin da ba sa cin kuɗi suna da yawa. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba ka damar jera kayanka da hotuna da shirya amsoshin da ake yawan buƙata. Rajistar sana'a a taswirar Google kyauta ce, kuma tana taimakon wanda mutanen kusa da shi ke nema. Akwai haɗa kai da mai wata sana'a da kuke da masu saye iri ɗaya amma ba ku gogayya. Sannan wadda na fi so: ka roƙi wanda ya ji daɗin aikinka ya haɗa ka da mutum ɗaya, kuma ka roƙa a daidai lokacin da yake yabo, ba bayan wata guda ba.

In za ka biya kuɗin talla, ka rubuta saƙo iri biyu da suka bambanta a abu ɗaya kawai, ko hoto ko jimlar farko, ka raba musu kuɗi daidai, ka bar su mako guda. In ka sauya abubuwa uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kowane saƙo ya ƙare da abu ɗaya da kake so a yi: a kira, ko a turo saƙo, ko a zo. Kuma kafin ka saki talla ka tabbata akwai kaya a ƙasa da mai amsa waya. Na ga wanda tallarsa ta karɓu, saƙonni suka yi ta shigowa, ba a amsa ba sai bayan kwana biyu, kuɗin ya tafi a banza kuma sunansa ya ɓaci a wurin mutanen da bai ma taɓa gani ba.

Kada ka riƙa tura talla ga lambobin da ba su ba ka izini ba. Ƙasashe da yawa suna da dokar kare bayanan mutane, manhajojin kuma suna rufe lambar da aka yi ta kai ƙararta.

Mataki na 9: Auna duk mako, ka tattara a shafi ɗaya

Lambobi huɗu za ka riƙa rubutawa: mutum nawa suka tuntuɓe ka, nawa suka saya, nawa suka dawo, nawa ka kashe. Duk sabon mai saye ka tambaye shi inda ya ji labarinka, ka rubuta. Yawan mabiya da masu danna alamar so yana faranta rai, amma ba ya cikin huɗun nan.

Lambobin za su nuna maka inda ciwon yake. In ba a tuntuɓarka, matsalar tana ga saƙo ko hanyar da ka bi. In ana tuntuɓa ba a saye, ka duba farashi, hujja, ko yadda ake amsawa. In ana saye ba a dawowa, ka dakatar da talla ka gyara hajar, domin zuba ruwa a tulu mai huda kake yi.

Yanzu ɗauko takarda ɗaya ka rubuta: wanda ka zaɓa, damuwarsa da kalmominsa, jimlar alkawarinka, hukuncinka a kan haja da farashi da wurin samu, hanyoyi biyu na talla, buri da kasafi, da lambobi huɗu. A ƙasa ka ƙara layi biyu na abubuwan da ka yanke ba za ka yi ba a wannan zango, don ranar da wani ya zo maka da sabuwar shawara mai daɗin ji. Ka miƙa wa mutumin nan da ba ya jin nauyinka ya karanta, sannan ka karɓe takardar ka ce ya maimaita maka wa kake yi wa hidima kuma me ka yi masa alkawari. In ya kasa, ka koma mataki na 5. In ya iya, ka manna shafin inda kai da ma'aikatanka za ku riƙa ganinsa, ka rubuta ranar da kwana 90 za su cika a samansa, kuma kada ka sauya rukunin da ka zaɓa kafin ranar sai in lambobin sun nuna asara ƙarara.